Gonar da Falta Ta Kasa Bayarwa

Inna Falta ba ta da wuyar ganewa ko a cikin cunkoson kasuwar Kunci. Doguwa ce, baƙa, da zanen Barebari a kumatu wanda tsufa ya fara haɗiyewa, ga murya da ba ta san raɗa ba. In ta ce za ta gaya maka sirri, to maƙwabta ma su gyara zama. A Unguwar Barebari aka haife ta, wani ɗan ƙauye da ke gabas da Kunci, inda kakanninta suka sauka daga Barno tun zamanin da ba mai rai da ya gani. Yaren ya tafi tuni. Abin da ya rage musu sunaye ne, da zane a fuskar tsofaffi, da taurin kai, wanda Falta ta kwashi nata ta haɗa da na wasu.

Aure biyu ta yi. Na farko ya mutu saboda rashin haihuwa, na biyu kuwa mijin ne ya mutu, shi ma ba ɗa ba jika. Ta sha rubutu, ta sha saiwa, ta je asibiti har Kano, Allah bai nufa ba. Da ta fita takaba sai ta tattara kwanukanta ta dawo gidan ubanta, ta yaɓe ɗakin da uwarta ta zauna, ta shiga. Masu neman aure suka yi ta sallama a ƙofar gida, ta ce a gaya musu ta gode, ta gaji da neman izini kafin ta leƙa waje.

Gonar kuwa ga yadda ta samu. Da mahaifinsu Malam Kallamu ya rasu aka raba abin da ya bari, wanta ya ɗauki kaso biyu, ita da ƙanwarta Kaltume kowa ɗaya. Abin da ya faɗo mata wani ɗan zirin fili ne da ƙasarsa ta gaji, fara fat, ba abin da take fitarwa da daɗin rai sai ƙuduji, ciyawar nan mai kashe gero. A wannan yanki namu kuwa ba daji. Gona na jingine da gona, layin gamba ne kawai ke raba taka da ta maƙwabcinka, ba inda za ka gudu ka sari sabuwa. Wadda ka samu ita za ka yi wa hidima. Falta ta kama ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta kama kiwon awaki. Kashin awaki, tokar murhu, sharar tsakar gida, ɓawon gyaɗa, ba abin da take zubarwa. Duk rani a mangala ake kai su gona, jaki na zuwa yana dawowa, har mai jakin ya fara ɓuya in ya hango ta. Da wanta ya koma Kano fataucin shanu ya sa gefen nasa a kasuwa, ita ta saya. Da wata shekarar yunwa ta matsa wa Kaltume ta sayar da nata, nan ma ita ta saya ta haɗa. A hankali ƙasar ta yi baƙi, gero ya fara shanye tsawon mutum, masu wucewa suna tsayawa suna cewa matar nan tana da wani asiri. Ba wani asiri, taki ne, a gabansu ake kai shi.

Aina'u kuwa a zani ta ɗauko ta. Kaltume ta rasu wajen haihuwarta, uban kuma ya jira aka yi sadakar arba'in ya tafi cin rani kudu, daga nan sai labari. Falta ta goya jaririyar, ta nemi mai shayarwa a maƙwabta, ta ƙara da nonon akuya. Ba wanda ya taɓa jin ta ce 'yar ƙanwata ko 'yar riƙona. Wata mata da ta faɗi hakan a gidan suna sai da aka shiga tsakaninsu. Ta rene ta yadda aka rene ta: ba a miƙa hannu a gaban babba, ba a cin abu a bar na gaba da kai, in an ba ki ki ce a bar shi, sai an matsa sannan ki karɓa. Tarbiyya ta kama yarinya sosai, kowa na yabawa.

Da ta isa aure ta ba wa Sama'ilu, wani salihin mutum a nan cikin ƙauyen, mai riƙe da shanun huɗa na wani Alhaji. Da damina ya yi wa mutane huɗa, da kaka ya yi jigilar amfanin gona da amalanke. Suna da yawa a wurin ubansu, gonar da ta zo hannunsa in ka tsaya a wannan gefe za ka iya miƙa wa na wancan gefen goro. Yara kuwa Allah ya ba su reras, wannan na bin wannan.

Abin ya taso ne shekarar da maƙwabciyarta Jumma ta rasu. Jumma ta riƙe wani tun yana rarrafe har ya yi gemu, shi ya yi jinyarta, shi ya kama makararta. Ranar rabon gado sai ga wasu mutane daga Bagwai da ba wanda ya taɓa ganin ƙeyarsu a gidan. Aka auna gona da igiya aka ba su. Shi kuwa ya tashi da tabarma da buta, su ma don magada sun ce sun yafe masa. Falta ta dawo gida ta kasa cin tuwo. Washegari da hantsi ta yafa gyale ta nufi zauren Malam Shafi'i, limamin unguwar, wanda shi ake kira in za a raba gado.

"Malam, in na mutu yau, wa zai ci gonata?"

"Subhanallahi. Inna, Allah ya ja kwana."

"Amin. Wa zai ci?"

Malam Shafi'i ya ajiye carbi. Ya tambaye ta miji, ta ce ai ya sani. Ya tambayi ɗa, iyaye, wa, ƙane, ƙanwa, ta ce ya daina wahalar da ita, rabinsu shi ya sallace su. Ya ce to in haka ne, bayan an yi mata sutura, an biya bashi in akwai, abin da ya rage na Kamaruddeen ne, ɗan wanta.

"Duka?"

"Duka."

"Aina'u fa?"

"'Yar ƙanwa ba ta gado, Inna, ga ɗan wa namiji a raye. Riƙo kuma ba ya sa gado, ko da a bakinki kika tauna kika ba ta."

Shi Kamaruddeen ɗin a Bacirawa yake, a bakin Kano, dillalin filaye ne. A faɗi gaskiya, ba mugu ba ne. Yakan zo da babbar salla da burodi da sabulu, ya durƙusa ya gaishe ta, ya tafi kafin ƙura ta ɓata masa mota. Gona dai a wurinsa ba wurin shuka ba ce. Filin da ubansa ya mutu ya bar masa ko shekara bai yi a hannunsa ba ya sayar.

Falta ba ta yi musu da hukuncin Allah ba, ba a haka aka rene ta ba. Amma ranta ya ɓaci, ya ɓaci ƙwarai, har Malam ya gani a fuskarta. Ya ce akwai wasiyya. Tunda Aina'u ba magajiya ba ce, ya halatta a yi mata, amma kada ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da aka bari. Sai mai yin ta yana cikin hankalinsa, ba wanda ya tilasta shi, kuma a gaban shaidu biyu adalai waɗanda ba su da abin ci a ciki, don haka a cire Sama'ilu. Shi zai rubuta, amma tunda shi ake kira rabo, gara shaidun su zama wasu.

Sai ka ce abu mai sauƙi. Mutum biyu, a garin da ko akuya ce ta haihu sai an cika gida da kallo. Amma je ka ce wa mutanenmu su zauna ka yi musu maganar mutuwarka, ka ga yadda za su kakkaɓe riga su tashi. Ta fara da Mai unguwa Mani, taubashinta, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su yi tsiya ba. Ya saurare ta har ta kai kan wasiyya, sai ya kwashe da dariya, ya ce ita da za ta binne su kaf, ta bari sai ta fara dogara sanda. Ladan ya ce a bari a gama girbi. Da aka gama girbi ya ce a bari bayan salla. Wani dattijo mai sayar da kanwa shi ya gaya mata gaskiya, ya ce bai taɓa taka kotu ba, kuma ba a kan gonar wani zai fara ba. Matan unguwa kuwa da labari ya kai musu sai suka dinga shigowa da sallama ƙasa-ƙasa suna tambayar jiki, wata har da kunu, wai an ce Falta ta yi mummunan mafarki. Ta kore su, ta shanye kunun.

Sai da ta tsare Mani da ladan a ƙofar masallaci bayan la'asar, ta tsaya a kan takalmansu, sannan suka zauna. Malam ya rubuta, suka sa hannu suna ta "Allah ya nesanta", suna harararta kamar ita ta ƙirƙiro mutuwa.

Da ta je gona ta tsaya ta raba ta uku da ido, sai murna ta koma ciki. Sulusi ba zai riƙe gidan Aina'u ko zuwa tsakiyar rani ba. Kuma wane sulusin za a ba ta, gefen ɗorawa mai albarka ko gefen tudu da ruwa ke zaizayewa? Ta koma wurin Malam. Ya ce abin da ya haura sulusi ba ya tabbata sai magaji ya yarda.

Falta ta tsani mota, ta tsani hayaniyar birni, ta fi tsanar ta nemi alfarma a wurin yaron da ta sha yi wa tsarki. Amma ta ƙulla ƙuli-ƙuli, ta cika galan da man gyaɗa, ta hau motar Kano. Bacirawar da ta sani da gonakin dawa ta tarar ta zama bulo da kwanon rufi iya ganinka. Kamaruddeen ya karɓe ta hannu bibbiyu, matarsa ta durƙusa, aka kawo lemo mai sanyi. Tana magana wayarsa na kuka, yana ɗagawa yana yi wa wani bayanin fuloti, yana dawowa yana cewa ta ci gaba yana ji. Da ta gama ya ce, "Haba Gwaggo, a kan wannan har sai kin taso? Aina'u ai ƙanwata ce. Duk yadda kika yi daidai ne." Ya rako ta tasha da kansa. Mota na shirin tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Af, Gwaggo, titin nan da ake cewa za a ja, ta wajen gonar zai bi ko ta bayan gari?"

Tambayar nan ta biyo ta har gida, Malam kuma ya ƙarasa mata. Ya ce yardar da magaji ya yi alhali tana da lafiyarta ba ta ɗaure shi. Ranar da aka dawo daga maƙabarta yana iya cewa ya fasa, shari'a kuma ta ba shi gaskiya.

"To me ya kai ni Kano?"

"Ke kika tafi, Inna, ban aike ki ba."

Ranar ta gaya masa maganganun da ba a gaya wa liman. Ta ce duk ƙofar da ya nuna mata in ta je sai ta tarar bango ne. Ta ce ƙasar da ta ciyar da hannunta tun gashinta na baƙi, yau sai ta nemi iznin wanda bai san inda iyakarta take ba. Ya bar ta ta sauke, sannan ya ce akwai hanya ɗaya da bai so ya gaya mata ba, don ya ga tsofaffin da suka bi ta suka ƙare a zauren mutane. Kyauta. Mutum yana da ransa da lafiyarsa da hankalinsa, yana iya ba da dukiyarsa ga wanda ya so, ba ruwan sulusi, ba ruwan magaji.

"Amma ki duba niyyarki. In don ki hana Kamaruddeen ne, Allah na gani."

"Allah na gani," ta ce. "Kamaruddeen bene yake ginawa. Yaran Aina'u tun kafin ruwa ya sauka suke awo a kasuwa."

Ya ce to ga sharaɗin, ta buɗe kunne. Kyauta ba ta cika da baki, ba ta cika da takarda. Sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe, a littafi hauzi ake ce masa. Aina'u ta shiga gonar, ta noma, amfanin ya shiga rumbunta, kowa ya gani da ido cewa Falta ta cire hannu. In mutuwa ta zo gona na hannun Falta, kyauta ta ɓaci, ta koma gado. In ciwon ajali ya kwantar da ita kafin Aina'u ta riƙe, nan ma an yi aikin banza. Tuwo kam Aina'u na iya aiko mata, wannan ba laifi, amma iko da hatsin ya zama na Aina'u.

Kafin ruwan farko Falta ta sake tattaro Mani da ladan, wannan karon har gona. Ta sa aka kira Aina'u da mijinta. Ta zagaya da su iyaka, daga ɗorawa zuwa layin gamba zuwa kukar da ke bakin hanya, ta ce ta ba Aina'u duka, kyauta, har abada. Aina'u ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, ta ce ita ba ta so, Inna ta bar abinta, me ya yi zafi. Mani ya ce yarinya ta kyauta, haka 'ya'yan kirki ke yi. Falta ta juya ta ce masa in bai rufe baki ba za ta cika shi da ƙasa. Sai da Malam ya sa baki sannan Aina'u ta ce ta karɓa, a hankali, kamar wadda aka kama da sata.

Damina mafi tsawo da Falta ta taɓa yi ita ce wannan. Ruwa ya sauka, kowa ya fita da sungumi, ita tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. In za ta kasuwa sai ta zagaya ta bayan gari don kada ta ga gonar. Labari ya zo mata cewa Sama'ilu ya matse shuka, bai bar wa wake wuri ba. Ta tashi har ta ɗauki gyale, ta tuna, ta koma ta zauna, awaki suka sha faɗa ranar ba su san laifinsu ba. Ta daure har kaka.

Ranar wata kasuwar Kunci ta dawo da yamma da ƙwaryar ƙuli-ƙuli a ka, ta tarar da tsakar gidanta duk sawun shanu da ƙaiƙayi. Ta leƙa rumbunta na ƙasa, wanda ke tsaye a bayan ɗaki tun zamanin ubanta. A cike yake maƙil da damman gero, har jinka ta ɗaga.

Ko ƙwaryar ba ta sauke ba ta nufi gidan Aina'u.

"Wa ya ce ki zuba mini hatsi a rumbu?"

Aina'u na durƙushe a bakin murhu, ba ta ɗago ba. "Inna, ina za mu kai shi? Kina raye in wuce ta ƙofarki da hatsin gonarki? Garin nan su ce na gaje ki da rai?"

"Ba gonata ba ce. Taki ce."

"To na ji tawa ce. Ni kuma na ba ki hatsin."

"Ba na so."

"Ke kika koya mini ba a cin abu a bar na gaba."

Falta ta juya ta fita da ƙwaryarta a ka. Ita ta shuka wannan hali da hannunta, ta yi masa ban ruwa, yau ga shi ya tare mata hanya.

Malam ya girgiza kai da ya ji. Ya ce in gobe aka tsayar da shaidu a gaban alƙali aka ce wa ke cin gonar nan, me za su ce? Za su ce Falta, don a rumbunta suka ga hatsi. Sama'ilu kuma sai ya zama kamar ɗan ƙwadagon da ke noma mata.

Ta ɗauki mai jaki ya kwashi damman ya mayar gidan Aina'u. Aina'u ta sussuke ta sheƙe, ta aiko da tsaba a buhu. Falta ta mayar. Aina'u ta niƙa ta aiko da gari. Hatsi ya yi ta yawo tsakanin gida biyu kamar amarya mai yaji, mutanen gari suna kallo suna jin daɗi. Abin da suka fahimta shi ne Falta mace ce mai kyauta, tana ta tura wa 'yarta hatsinta, 'yar kuma mai kara ce tana dawo da shi. Wato duk jigilar nan ba abin da ta ƙara sai tabbatar wa kowa cewa hatsin na Falta ne. Shekara guda ta tafi a banza.

A damina ta biyu ne ta fara jin abin. Ƙafafunta suka soma kumbura da yamma. In ta ja guga a rijiya sai ta tsaya ta nemi numfashi. Ba ta gaya wa kowa ba, don ta riƙe maganar Malam a kan ciwon ajali. Ta koma ɗaura zani har ƙasa. Kasuwa kuwa ba ta fasa ko ɗaya ba, tana tafe tana ɗaga murya tana tsokanar mutane don kowa ya shaida lafiyarta ƙalau, in ta dawo ta rufe ƙofa ta kwanta kamar an yi mata duka. Ana cikin haka Kamaruddeen ya zo ba salla ba biki, shi da wani mai farar shadda. Suka gaishe ta, suka ce za su ɗan sha iska. Daga baya aka gaya mata an gan su a bakin kuka, mai shaddar yana nuna gabas da yamma da makullin mota.

Gero ya nuna, aka yanka, aka ɗaure. Falta ta kira Aina'u ta yi mata magana da lallashi, ta yi da faɗa, har ta ce in hatsin nan ya sake shigo mata gida ba ta yafe ba. Aina'u ta yi kuka ta ce to. Amma Falta ta san wannan to ɗin, ita ta koya mata shi. Da safiyar ranar jigila wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta ce ta ga Sama'ilu na loda amalanke, an ce nan za a fara saukewa, rabi na Inna rabi nasu, wai sun yi sulhu ke nan.

Falta ta aika aka kira Malam Shafi'i da Mai unguwa Mani, ta ce su zo yanzu. Suka tarar da ita tsaye a bayan ɗaki riƙe da taɓarya.

"Malam, tambaye ni farillan alwala."

"Na me, Inna?"

"Don kada gobe wani ya ce na haukace. Tambaye ni."

Ya tambaya, ta jero su tsaf. Ta faɗi ranar da ake, ta faɗi watan, ta faɗi sunan uban Mani da na kakansa da laƙabin da ake tsokanarsa da shi. Sannan ta juya ta ɗaga taɓarya ta maka wa cikin rumbun.

Tsohon gini ne, ginin mutanen da, bai ji bugun farko ba. Ta sake. A na uku ya tsage. Mani ya taso zai riƙe ta, Malam ya kama hannun rigarsa ya ce ya bar ta, rumbunta ne. Ƙirjinta ya ɗauki zafi, idonta ya fara ganin duhu-duhu, amma ta cije, don mutum biyun nan ba su zo ganin mara lafiya ba. Ta yi ta bugu har gefe guda ya rufta, jinka ta karkace ta zube a kan katanga, ƙura ta turnuƙe gidan, awaki suka tsinke igiya.

Daidai nan shanu suka tsaya a ƙofar gida. Sama'ilu ya shigo da dami a ka, ya tsaya turus. Aina'u na bayansa da goyo. Ta dubi tarin ƙasar, ta dubi taɓaryar, ta dubi Falta da ƙura ta yi wa fari tun daga ɗankwali har ƙafa.

"Ba wurin zubawa," in ji Falta. Ta raba maganar biyu don numfashi ya ishe ta. "Juya da shi gidanku. Malam, Mai unguwa, ku bi su ku ga inda aka sauke."

Sama'ilu ya dubi matarsa. Sannan ya juya da damin ya fita. Aka ji yana yi wa shanu magana, ƙafar amalanke ta yi ƙara tana juyawa. Malam da Mani suka bi baya, Mani ko tsokana ɗaya bai yi ba.

Aina'u ce ta rage. Hawaye na zuba, ba ta share ba.

"Inna, to yanzu me za ki ci?"

Falta ta dogara taɓaryar a ƙasa, ta riƙe ta da hannu biyu don kada a gane jikinta ya gaza.

"Abin da kika aiko mini," ta ce. "Wuce, ana jiranki a buɗe rumbu."